Ankon da Aka Canza wa Walida

Wata rana, a farkon shekarar karatu, wata uwa mai suna Zulai ta tsaya a bakin ajin 'yarta har sauran iyaye suka watse.

Magana take so ta yi da malamar ajin, irin wadda ba a yi a gaban mutane.

'Yar tata sunanta Walida, 'yar aji biyu a wata makarantar kuɗi ta cikin unguwa. Yarinya ce mai baki. In ta tare ka da labari gara ka nemi kujera, don sai ta kai ƙarshe za ta sake ka.

Amma Walida tana da farfaɗiya.

Ba kullum take tashi ba. Tana shan magani, likita yana duba ta, sai a yi watanni lafiya lau. Sai dai Zulai ta san garin da take zaune. Ta san akwai manya, da digirinsu da gilashinsu, waɗanda har gobe suna ganin in yawun mai farfaɗiya ya taɓa mutum to shi ke nan ya kamu. Likitoci sun faɗa har sun gaji cewa ba a ɗauka. Su dai ko a jikinsu.

Shi ya sa ko a dangi ba kowa ta gaya wa ba.

Malamar ajin, Anti Firdausi, matashiya ce mai fara'a, shekararta ta farko ke nan a makarantar. Zulai ta ja ta gefe ta rage murya.

"Anti, amana zan ba ki. In ta faɗi, ki kwantar da ita ta gefe, ki janye benci daga kusa da ita. Kar a cusa mata cokali a baki, kar a sheƙa mata ruwa. Za ta dawo da kanta. Sai ki kira ni. Ni kaɗai, don Allah."

Anti Firdausi ta riƙe hannunta da hannu biyu.

"Haba, Maman Walida. Ki ɗauka 'yata ce. Daga ni sai ke sai Allah."

Ranar Zulai ta koma gida kamar an sauke mata dutsen niƙa daga ka.

Daga nan zumunci ya ƙullu. Zulai sana'arta suyar cincin da dublan na biki, to duk suyar da ta yi sai ta ƙulle na Anti a leda ta sa a jakar Walida. Da mahaifiyar Anti ta kwanta asibiti, Zulai ta sauke kasko ta tafi dubiya da kwanon farfesu. Ita kuwa Anti, ko hamma Walida ta cika yi a aji sai ta turo saƙo ta tambaya ko ta sha maganinta.

In kun ji yadda Zulai ke yabon malamar nan a gaban maƙwabta, sai ku rantse ciki ɗaya suka fito.

Ajin yana da guruf ɗin iyaye a waya, kamar kowane aji yanzu. Shugabarsa Hajiya Kubura ce.

Kun san irinta, babu guruf ɗin da ba shi da ita. Ita ke fara barka da asuba, ita ke turo gaisuwar Juma'a da furanni, kuma in ana gardama, inda ta ce nan ake tsayawa. Ga 'ya'yanta a makarantar, ga na ƙannenta, ga na maƙwabtan da ta jawo. In ta shiga ofis, hedimasta miƙewa yake yi.

'Yarta Ihsan ita ce ƙawar Walida ta benci ɗaya. In an fita tara tare suke cin abinci, gorar ruwa ɗaya suke sha.

Da zango na uku ya shigo aka sanar da bikin ƙarshen shekara. Kowane aji zai fito da wasansa. 'Yan matan aji biyu aka ba su gaɗa.

Ga waɗanda suka tashi a gaban talabijin ba su taɓa yi ba, bari in gaya muku. 'Yan mata ke yin rabin da'ira suna tafi suna waƙa. Ɗaya ta fito tsakiya ta taka, sai ta juya musu baya ta saki jikinta ta faɗo. Sauran su cafe ta, su cilla ta, ta dira da ƙafarta. Ba a waiwaye, don ka san akwai hannuwa a bayanka.

Walida ta zauce a kan gaɗar nan. Ta fi kowa iya sakin jiki, har Anti ta ce ita za ta fara fita ranar biki. A gida kuwa ba a huta ba. Ta faɗo kan katifa, ta faɗo kan buhun fulawa, ta faɗo kan Abbanta yana dawowa daga kasuwa ko takalmi bai cire ba.

"Umma, ni ce ta farko fa! Kowa zai gan ni!"

Zulai takan yi dariya ta ce ta ji. A ranta kuwa godiya take yi wa Allah. Yarinyar da ta yi shekaru tana tsoron kada a nuna ta da yatsa, ga ta za a sa a gaba.

To, ba a fita gaɗa ba anko. Guruf ya ɗau zafi. Wannan ta ce leshi, waccan ta ce haba, yara ne fa, wata ta ce kore ba ya karɓar 'yarta. Da ƙyar Hajiya Kubura ta yanke magana: shuɗiyar atamfa mai zanen farin ganye. Makaranta kuma ta kafa doka tun da wuri cewa saboda hoto da bidiyo, mai anko kaɗai za ta fito fili.

Zulai na cikin na farkon da suka saya. Ta kai wa tela tun kafin aiki ya yi masa yawa, ta zauna masa a wuya har ya gama. Riga da zani da ɗankwali. Aka rataye su a bayan ƙofa, kullum Walida sai ta je ta shafa kafin ta tafi makaranta.

Ana saura 'yan makonni biki, ana cikin gwaji a filin makaranta da rana tsaka, ciwon ya tashi.

Walida ta faɗi, ba faɗuwar wasa ba. Yara suka watse da ihu.

A yi wa Anti Firdausi adalci, ta yi duk abin da aka ce mata. Ta kwantar da ita ta gefe, ta hana mai gadi kawo cokali, ta cire mayafinta ta sa mata a ƙarƙashin kai. Sannan ta kira Zulai.

Waya a kashe. Unguwar ba wuta, wayar tana wurin mai caji, Zulai kuma tana gaban kasko.

Ta sake kira. A kashe.

Sai Anti ta rikice, ta yi abin da mutanenmu ke yi in sun rikice. Ta ɗaga waya ta ɗauki bidiyo: yarinya kwance a ƙasa, jiki na karkarwa, kumfa a gefen baki. Ta tura guruf ɗin iyaye, ta rubuta a ƙasa:

"Don Allah wanda ke kusa da Maman Walida ya sanar da ita. A sa yarinyar nan a addu'a."

Ba da mugunta ta yi ba, na yarda. Amma ku gaya min, wace addu'a ce ba ta karɓuwa sai an ga bidiyo?

Kafin a kai wa Zulai labari ta iso, Walida ta farfaɗo tana tambaya ko an gama gwajin ba ita. Kafin Zulai ta karɓo wayarta daga wurin mai caji, rabin unguwa sun kalla.

Ta kunna, ta ga bidiyon a guruf. Anti ta kira tana kuka tana ba da haƙuri, ta ce ta goge. Ta goge ɗin, amma ai ya riga ya sauka a wayoyin mutane. Zulai ta haɗiye abin da ke ranta ta ce ba komai, taimako kika yi niyya.

Addu'o'i kuwa sun zubo. Allah ya ba ta lafiya. Allah ya sa kaffara ne. Hotunan hannuwan addu'a jere-jere, da na fuskoki masu hawaye. Hajiya Kubura ta turo saƙon murya mai tsawo, muryarta har rawa take, ta ce Walida 'yar kowa ce, duk abin da ake buƙata a faɗa mata kai tsaye.

Zulai ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta yi godiya. Har kunyar kanta ta ji. Ta ce ashe zargin mutane take yi a banza duk shekarun nan, da ta sani da tuni ta faɗa ta huta.

Baiwar Allah.

Sai guruf ya yi tsit.

Guruf ɗin da ko fensir ya ɓata sai an wuni ana sharhi, yanzu daga furannin Juma'a sai sanarwar aikin gida. Ba mai maganar biki, ba mai ƙorafin tela. Zulai ta ɗauka kowa ya gama shirinsa ne.

Ku da kuke cikin guruf-guruf kun san abin da irin wannan shirun yake nufi. Ita ba ta sani ba.

Walida ta fara dawowa gida da ƙananan labarai.

"Umma, an canza min wuri. Yanzu kusa da teburin Anti nake, ni kaɗai. Ta ce don ta riƙa ganina da kyau."

Zulai ta ce kin ga gata.

Wata ranar kuma: "Umma, Ihsan ta ce Maminta ta hana mu shan gora ɗaya. Wai mura take yi, kar ta shafa min."

Zulai ta ce ai gaskiyarta, mura ba daɗi.

Sai kuma: "Umma, yau ma tafi kawai na yi daga gefe. Anti ta ce in huta kar in gaji kafin ranar."

Wannan ce ta tsaya wa Zulai a rai. Washegari ta rufe suya da wuri ta tafi makaranta ana tashi. Ta samu Anti ita kaɗai a aji tana goge allo.

Ta yi mata bayani a natse, cewa likita ya gyara maganin, ya kuma ce babu abin da zai hana ta wasa da 'yan uwanta. Sannan ta tambaye ta ko akwai wata matsala.

"Babu komai, Maman Walida," in ji Anti, ba ta juyo ba.

"Ranar bikin dai za ta fito ko? Wallahi yarinyar nan da gaɗar nan take kwana, da ita take tashi."

"In sha Allahu."

"Ankon yana nan yadda yake? Na ji guruf shiru."

Anti ta ci gaba da goge wurin da babu rubutu.

"Ki dai shirya ta ku zo."

Zulai ta yi godiya, ta ajiye mata ledar dublan a kan tebur, ta tafi ranta fes.

Jajibirin biki aka yi wa Walida kitso, aka zana mata lalle hannu da ƙafa. Ta zauna da hannuwa a sama ta ƙi motsi, ita da zama wuri ɗaya yake yi wa wuya. Da safe ita ta tashi kowa. Ta sa shuɗiyar atamfarta, aka ɗaura mata ɗankwali, aka sa mata kwalli, ta shiga gida-gida a layinsu tana nuna wa maƙwabta. Abbanta ya ɗauke ta hoto kafin ya fita, ya ce a ɗauko masa bidiyo tun daga farko har ƙarshe.

Zulai ta cika bokiti da cincin, kyauta, don a raba wa yaran ajin. Suka tari adaidaita. Walida tana waƙa tana tafi tun daga bakin layi, direban yana ta dariya.

A ƙofar makaranta Zulai ta ga wata yarinya cikin atamfa ruwan goro mai ɗigon baƙi. Ta ce a ranta 'yar wani ajin ce.

Ta ga wata. Ta sake ganin wata.

Sai ta ga Ihsan, ita ma cikin ruwan goro.

 Ta ajiye bokitin a kan teburin abincin aji, ta ƙarasa cikin fili. Ga rumfuna, ga kujeru, ga lasifika na tashi. Can gefen dandamali 'yan matan aji biyu sun yi layi, kowace cikin ruwan goro, ɗinki iri ɗaya, ɗauri iri ɗaya. Babu shuɗiyar atamfa ko ɗaya a layin nan.

Walida ba ta lura ba tukuna. Ta saki hannun uwarta ta ruga tana kiran Ihsan. Ihsan ta ɗaga hannu za ta amsa, sai ta waiga wajen rumfar iyaye, ta sauke hannun.

Zulai ta nufi rumfar. Hajiya Kubura na sahun gaba tana fifita da mafici. Ta tarbe ta da murmushi har kunne.

"A'a, Maman Walida! Sannu da zuwa. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Hajiya. Na ga kamar an canza anko."

"Ayya! Ba ki ga saƙo ba? Ai shuɗiyar nan ƙarewa ta yi a kasuwa, wasu ba su samu ba, sai aka ce a canza gaba ɗaya. An sanar fa."

"A wane guruf?"

Matan da ke gefenta duk suka tuna suna da waya, kowace ta sunkuya a kan tata. Hajiya ta ci gaba da fifita.

"To, ni dai na san an sanar."

Zulai ta juya. Ba ta da abin cewa da Hajiya Kubura, don ba ita ta ba wa amana ba. Wadda ta ba wa take nema.

Ta same ta a bayan dandamali tana gyara wa yara ɗankwali.

Anti Firdausi ma ruwan goron ce a jikinta. Doguwar riga, ɗinki mai kyau, ya zauna mata ɗas.

Suna haɗa ido fara'ar Anti ta ɗauke.

"Anti, kin sani?"

"Na sani."

"Ranar da na zo na tambaye ki, kin sani?"

"Na sani."

"Me ya hana ki gaya min?"

Anti ta dubi ƙasa, ta dubi rumfar iyaye, sannan ta faɗa da muryar da ba ta wuce su biyu ba.

"In na gaya miki, za ki je ki sayo irinta."

Nan Zulai ta gane komai.

An buɗe wani guruf babu ita. An zauna an yi shawarar yadda za a fitar da yarinya daga gaɗa ba tare da kowa ya ce an fitar da ita ba. Ba wanda zai ce an kori mara lafiya. Makaranta ba za ta yi abin kunya ba, Hajiya ba za ta ɓata sunanta ba. Doka ce kawai, mai anko ke fita. Mata masu hankali, masu sallah da azumi, suka sake komawa kasuwa, suka sake bin tela, don dai kada hannun 'ya'yansu ya taɓa bayan Walida.

Anti ta fara magana da sauri, ido ya ciko. Wai sun ce in Walida ta shiga gaɗar za su kwashe 'ya'yansu. Wai hedimasta ya ce in suka kwashe, ita ma ta bi su. Wai ita ke riƙe da gidansu, ta rasa yadda za ta yi.

Zulai ta saurara, kuma ta san ba ƙarya take yi ba. Amma zuciyarta ta ƙi sanyi. Ta dubi rigar da ke jikin Anti tun daga wuya har ƙasa.

"Ta yi miki kyau," ta ce.

Sai ta ji an ja mata hijabi.

Walida ce. Wata malama ta fitar da ita daga layi ta ce ta koma wurin mamanta.

"Umma, me ya sa nawa daban? Kowa nasa iri ɗaya, ni kaɗai ce shuɗi. Sun ce ba zan shiga ba."

Jama'a, ku ɗan tsaya nan ku sa kanku a wurin matar nan.

Gaskiya tana bakinta. Za ta iya cewa ƙyamarki suke yi, uwar ƙawarki ce ta shirya, malamar da kike so ta sani. Za ta iya ɗaga murya filin nan kaf ya ji, kuma ba wanda zai ga laifinta. Amma yarinyar ko sunan ciwonta ba ta gama sani ba, "jirina" take ce masa. In ta ji yau cewa saboda shi mutane ke gudun ta, da wannan za ta girma.

Zulai ta durƙusa a gabanta, ta gyara mata ɗankwalin da bai karkace ba.

"Ni ce na yi kuskure, Walida. An ce an canza, ban duba wayata ba."

Yarinyar ta zuba mata ido.

"Ke ce?"

"Ni ce. Ki yi haƙuri."

Walida ta fizge jikinta.

"Kullum kina suya! Kullum ba kya duba waya! Kin ɓata min! Kin ɓata min!"

Mutane suka fara waigowa.

Sai yarinyar ta ruga wurin Anti Firdausi ta riƙe mata riga, tana kuka tana roƙo.

"Anti, ba laifina ba ne, Ummana ce ba ta duba ba. Don Allah ki bar ni in shiga. Zan tsaya a ƙarshe. Ko sau ɗaya in faɗo, Anti. Sau ɗaya kawai."

Anti ta ɗago ta dubi Zulai. Har ga Allah Zulai ta sa rai. Ta ce a ranta yanzu Anti za ta kama hannun yarinyar nan ta kai ta layi, in ya so duk wadda za a yi a yi.

Anti ta ɓamɓare 'yan yatsun Walida daga rigarta a hankali.

"Doka ce, Walida. Sai wata shekarar."

Hajiya Kubura ta taso jin hayaniya. Ta ji abin da yarinyar ke faɗa, ta gane an ba ta mafita a ɓagas, ba ta kuwa yi wasa da ita ba. Ta tsaya nesa kaɗan, inda hannu ba zai kai ba, ta langaɓar da kai.

"Ayya, 'yata, yi shiru. Ki yafe wa Ummanki, kin ji? Gaba za ta riƙa kula."

Sannan ta juyo wurin Zulai, da ƙarfi yadda rumfa za ta ji.

"Mu iyaye sai mun riƙa sa ido a kan harkar yara fa. Ba a bari sana'a ta ɗauke wa mutum hankali haka."

Wasu a rumfar har da gyaɗa kai.

Zulai ta buɗe baki. Ta dubi 'yarta da ke tsaye tana sauraro. Ta rufe.

"Haka ne, Hajiya."

Wallahi ni da ake ba ni labarin nan, a nan na kasa ci gaba da shan shayina.

Aka kira aji biyu a lasifika. Zulai ta ce su tafi gida, Walida ta ƙi. Ta je ta tsaya a jikin igiyar da aka kewaye fili da ita, ta juya wa uwarta baya.

Ihsan ce ta fara fita. Ta taka, ta juya, ta faɗo, aka cafe ta, aka cilla ta. Iyaye suka kaure da guɗa, wayoyi duk a sama. Walida tana bin waƙar da leɓɓanta, ba ta kuskure ko kalma ɗaya ba. Ta fara tafi a hankali da hannuwanta masu lalle, sai ta ga ba wanda ke kallonta, ta daina.

Zulai tana bayanta a tsaye cikin rana har aka gama. Ba wadda ta ce mata ga kujera.

Da za su fita ta biya ta teburin abinci. Bokitin cincin yana nan yadda ta bar shi, ko murfin ba a ɗaga ba. Matan da suke layi a gidanta in suna da biki, yau cincin ɗin ma ya zama abin gudu.

A adaidaita Walida ta matsa can ƙarshen kujera ta juya fuska waje. Zulai ta miƙa hannu za ta riƙe ta saboda ramuka, ta ture hannun.

Da la'asar Abbanta ya dawo yana tambayar bidiyo. Walida ta fashe da kuka ta ce ya tambayi Umma, ita ce ba ta duba waya ba. Ta shige ɗaki ta kwanta da atamfar a jikinta.

Zulai ta ja shi tsakar gida ta gaya masa yadda aka yi. Mutumin ya miƙe yana neman makullin babur, ya ce yau sai hedimastan nan ya san shi.

Ta tare ƙofa.

"Abban Walida, in ka je ka yi faɗa, gobe yaran unguwa za su gaya mata dalili."

"To ke za ki ɗauki laifin mutane ki ɗora wa kanki, Zulai?"

"Ni uwarta ce. Ko ta ji haushina, a gidan nan za ta kwana."

 Sai ya ajiye makullin ya ce in dai yana raye, 'yarsa ba za ta sake taka makarantar nan ba.

Anti Firdausi ta turo saƙo washegari, wai Allah ya ba da haƙuri. Zulai ta karanta ta kife wayar.

Da hutu ya kusa ƙarewa, tela ya kawo sabon yunifom, na wata makaranta a wata unguwa. Walida ta ɗaga shi ta juya shi, ta ga ba kalarsu ba ce. Ta ce ita ba ta so, ƙawayenta suna jiran ta, kuma Anti ta yi mata alkawarin wata shekarar.

Ta fito da rigar a hannu ta samu uwarta a gaban kasko.

"Umma, wannan ma ke ce ko?"

Zulai ba ta ɗago ba.

"Ni ce."

"Ni wurin Anti Firdausi nake so. Ita tana so na. Ita ba ta taɓa ɓata min ba."

Zulai ta ci gaba da juya cincin a cikin mai. 

Har yau ba ta gaya mata gaskiyar ba.

Darasi:

Farfaɗiya ba a ɗaukar ta, ko ta yawu, ko ta gora, ko ta taɓa jiki. Ku tambayi kowane likita. Abin da yara ke ɗauka shi ne halin iyayensu, kuma a gida suke ɗaukar sa.

Uwar da ta turo "Allah ya ba ta lafiya" da safe, da rana ta shiga wani guruf tana shirya yadda za a ware yarinyar, ta daina wahalar da yatsunta. Wanda take roƙo yana ganin guruf ɗin duka biyu.

Malamai, na san kuna tsoron rasa aiki, kuma tsoron gaskiya ne. Amma in uwa ta ba ku sirrin ɗanta, ba na guruf ba ne, ko da sunan neman addu'a. In kuma kun san ba za ku iya tsaya wa yaro ba, to ku gaya wa uwarsa gaskiya tun da wuri. Kar ku bari ta yi masa kwalliya ta kawo shi wurin da aka shirya wulaƙanta shi.

In labarin nan ya taɓa ku, kar ku tsaya a kan "Allah sarki". Ku tura shi guruf ɗin iyayen ajinku.

Duka biyun, har da wanda aka buɗe a ɓoye.